Ranar da na tambayi surukata kilo nawa take

Ku da kuka fara aiki bana, har gobe ban manta da Asabar ɗin da na dawo Kano daga horon tuƙin jirgin sama a daji ba. Lokacin ina ƙaramin matuƙi, ratsi biyu ne kacal a kafaɗata. An tura mu mako shida mu koyi sauka da ƙaramin jirgi mai kujera shida a filin da ba kwalta, ba fitila, sai ciyawa da shanu. Da irin wannan jirgin muke ɗauko marasa lafiya daga ƙauyukan da mota ba ta shiga da damina.

Malaminmu Kyaftin Gyang ne, mutumin Filato, ba ya dariya sai in an sauka lafiya. Dokarsa ɗaya ce: ba mai hawa jirgi sai an san nauyinsa. Filin gajere ne, in kaya suka yi yawa, jirgi ba zai tashi kafin ya kai bishiyoyi ba. Don haka kowa sai ya hau sikeli, hakimi ne ko mai naƙuda. Ranar da na ji kunyar auna wani dattijo, Kyaftin ya ja ni gefe ya ce, "Sadiƙu, kunyarka kilo nawa za ta rage masa?" Tun daga nan tambayar ta zauna mini a baki kamar sallama.

Na iso gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi na yi baƙi, takalmi ya ci laka. Ashe Inna ta gama shaida wa unguwa ɗanta ya tafi kwas na matuƙa. Maƙwabta suka cika tsakar gida, masu tambayar Dubai na yi, masu jiran turare na yi. Tsarabata kuwa zuma ce a jarka da busasshen kifi. Wata tsohuwa ta leƙa jakata ta ce, "To, ko jirgin ruwa ne?"

Da la'asar na wanke na sa shadda, na nufi Tarauni gaida iyayen Fa'iza, ma'aikaciyar jinyar da nake nema. A makon nan ake jiran mahaifiyarta, Hajiya Binta, ta amince a sa rana, kuma kowa ya san a gidan nan maganarta ce yanke. Na durƙusa a bakin falo, kai a ƙasa, Alhaji, mahaifin Fa'iza, yana gefe da carbi.

Bayan gaisuwa Hajiya ta ce, "Tunda Allah ya ba mu direban jirgi, mun huta da hanya. Bikin ƙanwata wata mai zuwa, kai za ka kai ni da ƙawayena huɗu."

Wallahi ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ɗago na dube ta sama da ƙasa, na ce, "Hajiya, kilo nawa kike? Su ƙawayen fa, duk kamarki suke?"

Fa'iza da ke shigowa da lemo ta juya da tirenta. Alhaji ya kama tari, tarin da daga baya na gane dariya ce yake dannewa. Hajiya ta gyara mayafi ta ce, "Ka gaida gida." Na fito cike da tsoron da ban ji ba ko ranar da saniya ta tare mini fili.

Mako uku ba labari. Na kai ƙara wurin Kyaftin, ya ce, "Tambayarka daidai ce. Fili ne ba ka duba ba kafin ka sauka." Fa'iza ce ta zauna ta yi wa uwarta bayanin bishiyoyin nan da ke ƙarshen fili. Hajiya ta ce yaron ba shi da ta-ido, amma da alama ba zai kashe mata 'ya don kunya ba.

Aka sa rana. Da aka kawo kayan ɗakin amarya, a saman akwatuna sai ga sikeli sabo fil, da saƙon Hajiya: in auna 'yarta yau, domin in ta rame a gidana, da shi za a yi mini shari'a.

Don haka ku auna kowa, kada ku ji kunyar rawani ko zinare. Amma in kun dawo gida, ku bar tambayar a filin jirgi. Sikelin yana nan a ɗakinmu, kuma duk sallah Hajiya tana zuwa duba lamba.