Ranar da Na Karanta wa Surukina Rubutun Majigi

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da sunayen wasu da muka ci tuwo a kwano ɗaya. Amma ranar da aka zaunar da ni daf da kunnen surukina, aka ce in karanta masa rubutun majigi, wannan kam ba zan manta ba sai ranar da ƙasa ta rufe mini ido. Har yau idan na tuna, gumi ne ke fara tsatso mini, sannan dariya ta biyo baya.

Lokacin ana shimfiɗa titin jirgin ƙasa zuwa Gusau. Ni kuwa ina matashi mai ji da kai, ina aiki a siton wani Bature mai sayen auduga da gyaɗa. Akawunsa, wani mutumin kudu da ke zaune a Sabon Gari, shi ya koya mini baƙaƙen boko da ɗan Turancin da bai taka kara ya karya ba. Amma a unguwarmu ni ne gwani. Ko takardar da aka naɗe sabulu aka tsinta, wurina ake kawowa, ni kuma in gyara hula in yi ta kallonta ina gyaɗa kai.

An riga an ɗaura mini aure da wata 'yar Nahuce da nake so kamar raina, sai dai ba ta tare ba. Mahaifinta ne ya riƙe tarewar. Dattijo ne manomi, ya yi karatun allo mai zurfi, ga shi kunnensa ya yi nauyi shekara da shekaru: na hagu ya mutu murus, na dama kuma sai an kwartsa ihu. Abin da ya yi imani da shi shi ne duk mai aiki da Bature baki biyu gare shi. Ya aiko cewa 'yarsa ba za ta taka Gusau ba sai ya zo da kansa ya ga aikina, ya kuma gwada ko ni mai gaskiya ne.

Yaran yanzu da ke shan shayi kofi ɗaya da surukansu ba za su gane nauyin abin ba. Mu a zamaninmu, idan ka hango surukinka tun daga nesa za ka tuɓe takalmi ka durƙusa. Ba ka cin abinci a gabansa, ba ka haɗa ido da shi, balle ka bari wata kalma mai ƙamshin soyayya ta fito daga bakinka yana wurin.

Da hantsi ya iso a kan jakinsa. Rashin sa'ata, ranar ce Baturenmu ya zaɓa don nuna wa ma'aikata da masu kawo masa kaya wani akwatin majigi da ya dawo da shi daga hutu. Bayan azahar aka rufe ƙofofin sito, aka toshe kafofi da buhuna don a sami duhu, aka rataye farin ƙyalle a bango. Akawu ne ya kamata ya yi tafinta, amma ya tafi Tsafe awon auduga. Bature ya waiga ya nuna ni da yatsa. Wallahi a lokacin murna na yi. Na ce a raina, yau tsohon nan zai san wanda ya bai wa 'ya.

Hotunan majigin wancan zamani bebaye ne. Za ka ga mutum yana motsa baki yana wurwurga hannu, amma ko tari ba ka ji. Jifa-jifa sai hoton ya ɓace, ƙyallen ya yi baƙi, farin rubutun Turanci ya fito, wato abin da mutanen suka faɗa ke nan. Idan babu mai karanta maka, ka tashi a tutar babu.

Da Bature ya ji cewa baƙon nan surukina ne, sai ya yi abin da yake gani karamci ne: ya sa aka kawo masa kujera aka ajiye a gaban kowa. Surukina ya zauna, ya jingine sandarsa, ya kira ni da irin muryar nan ta waɗanda ba sa jin kansu.

"Kai yaro, matso nan ga kunnena na dama. Duk abin da anka rubuta ka hwaɗa mani. Kak ka rage ko ɗai."

Na durƙusa a gefensa, bakina kusa da rawaninsa. Bature ya fara juya hannun akwatin. Rubutun farko ya fito, mai sauƙi, na cika ƙirji na kwartsa: "Wata sahiya, cikin wani gari!" Sito ya ɗauki guna-gunin mamaki. Wani mahauci da ke bayanmu, mutum ne da ba ya iya riƙe magana a ciki, ya ce, "Kai, yaron ga ya iya!" Kaina ya kumbura.

Sai ga wani saurayin Bature ya fito da wata budurwa a cikin lambu. Ya durƙusa a gabanta, ya kama hannunta. Rubutu ya fito. Na karanta a zuci, na sake karantawa. Cewa ya yi yana sonta fiye da ransa, ba ya barci saboda ita. Bature ya tsayar da hannun akwatin yana jirana. Mutum wajen arba'in suna jirana. Ni kuma abin da ake so in yi shi ne in sa bakina a kunnen uban matata, in ɗaga murya iya ƙarfina, in ce ina sonki ba na barci.

"Mi anka ce?" in ji surukina.

"Ƙanwatai ta, Baba!" na kwartsa. "Gaishe ta shika yi, shina tambaya ya ta kwana!"

Mahauci ya ce, "Kai, Turawa akwai zumunci! Har ƙasa shika gaida ƙanwatai." Jama'a suka yi ta yabawa. Na sauke ajiyar zuciya, ina ganin na tsallake. Ban san rami na haƙa wa kaina ba.

Can sai ga uban yarinyar, wani ƙaton tsoho mai tumbi da laima a hannu, yana leƙe ta bayan shuka. Saurayin bai gan shi ba, ya raɗa wa budurwar wani abu. Rubutu ya fito, kuma wannan ko ɗan koyo zai karanta: ubanki tsohon jaki ne, zo mu gudu. Na sa baki a kunnen surukina.

"Cewa yay yi Allah shi ƙara ma Baba lahiya da nisan kwana!"

Sito gaba ɗaya ya amsa, "Amin!" Har da shafa fuska. Ba a gama shafawa ba tsohon cikin majigi ya fito ya rufe saurayin da duka da laima, ya bi shi suna zagaya lambu. Jama'a suka harzuƙa. "Wanga tsoho azzalumi na!" in ji mahauci. "Ɗanka shi yi maka addu'a ka kama bugu nai?" Da tsohon ya nuna ƙofa, rubutu ya ce fita daga gidana ɓarawo, sai na ce ai cewa ya yi ya tafi gona rana ta yi. Haka na yi ta ɗinki, ina toshe nan can na ɓallewa. Bature kuwa Hausarsa ba ta wuce ta ciniki ba, yana ta murmushi, yana ganin mutane sun ji daɗin labari.

Abin da na lura da shi, surukina ya daina tambayata. Ya kafe ƙyallen da ido kawai, haɓarsa a kan sanda.

Ƙarshen labari ne ya kashe ni. Saurayi da budurwa suka tsere a mota, suka tsaya gaban wani mai doguwar riga, aka sa zobe, sannan a gaban kowa ya rungume ta ya haɗa bakinsa da nata. Wannan ba ya bukatar tafinta. Salati ya ɓarke ta ko'ina.

"Ƙanwar tashi?" mahauci ya yi kururuwa. "Uwa ɗaya uba ɗaya?"

Mutane suka miƙe suna lalube takalma a duhu. Wani yana cewa ashe shi ya sa tsohon ya yi duka, ya yi daidai. Wani manomi ya rantse ba zai ƙara sayar wa masu auren ƙannensu ko ƙwayar gyaɗa ba. Bature ya saki akwatin, fuskarsa ta yi ja, yana tambayata da Turanci me ya faru. Na rasa wa zan fara yi wa ƙarya.

Sai surukina ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ku zamna! Ba ƙanwatai ba ta. Tun hoton hwarko na gane. Wa ka kallon ƙanwatai da irin idon ga? Shekara goma ina kallon bakin mutane ban jin su, hwuska ba ta ɓoye mani komi. Neman aure shika yi, uban bai so. Yaron ga na ka shara muku ƙarya tun ɗazu."

Sai dariya ta fashe, duk a kaina. Mahauci har da riƙe ciki. Ni dai na sunkuyar da kai, na san aure ya tafi.

Da aka buɗe ƙofa surukina ya fita, ya nufi gindin wata tsamiya inda ya ɗaure jakinsa. Na bi shi ba takalmi, na durƙusa. Ya juyo gare ni.

"Ɗayan biyu na," ya ce. "In ba ka iya karatun ba, Bature kaka cuta. In ka iya, ni kac cuta. Wanne?"

Ga mutane sun taru nesa kaɗan sun kasa kunne, amsar kuma sai da ihu. Da ya ga haka sai ya miƙo mini sandarsa, ya share ƙasa da tafin ƙafarsa.

"Ka iya ajami? To rubuta abin da anka ce, tun daga hwarko."

Na fara. Abin mamaki, maganar da ko da wuƙa a wuya ba zan furta a gabansa ba, sai ga ta tana fita ta bakin sanda. Na rubuta ina sonki fiye da raina. Ya karanta, ya yi gyaran murya, ya goge da ƙafa. Na rubuta ba na barci, ya goge. Da na zo kan addu'ar nan sai na tsaya, ya ce ci gaba. Na runtse ido na rubuta: ubanki tsohon jaki ne.

Ya sunkuya ya bi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. Kafaɗunsa suka fara rawa. Sai ya tuntsire da wata irin dariya har rawaninsa ya karkace, hawaye na bin gemunsa. "Shi na munka ce ma amin? Har da ni?"

Da ya nutsu, ya share ido, muryarsa ta sauka yadda ban taɓa jin ta ba. Ya ce tun da kunnensa ya tafi ba wanda ya ƙara gaya masa magana cikakkiya. A gida za a yi ta hira ana dariya, idan ya tambaya sai a ce masa ba komai Baba, don kowa ya gaji da ihu. Ya ce yau ne ya ga mutanen da suka yi tunanin wanda ba ya ji, suka rubuta masa magana a bango, sai dai ba da baƙin da ya iya ba. Wallahi a nan tausayinsa ya kama ni, kunyar ƙaryata ta ninka.

"Bakinka ya ji kunyata, hannunka ya hwaɗi gaskiya," ya ce yana kwance jaki. "Ɗiyata ta tare ran Juma'a. Amma duk randa kaz zo Nahuce, ka zamna kusa gare ni da allo, ka riƙa rubuta mani abin da aka cewa."

Na yi masa haka har ƙarshen ransa, kuma ban taɓa rage masa ko kalma ba, har gulmar da ake yi a kansa.

Yanzu jikokina kan dawo daga silima suna ƙorafin rubutun da ake sawa a ƙasan hoto, wai yana tare musu kallo. Nakan ce su bar shi. A cikin masu kallon akwai wanda kunnensa ya yi nauyi, akwai wanda bai san harshen ba, kuma kowannensu yana da haƙƙin ya sami maganar yadda aka faɗe ta. Abin da ranar nan ta koya mini ke nan: tafinta mutum ne, yana jin tsoro, yana gajiya, yana jin kunya. Rubutu kuwa ba shi da suruki.