Dalmar da Na Lasa a Bakin Burushi

Aikin farko yau: ɗaga kofin shayi da hannun dama. Na ɗaga, rabi ya zube.

'Yan uwa, na daɗe ban ce komai a nan ba. Ina nan garinmu Abu Hujar, ban tafi ko'ina ba. Ciwo ne.

Kun san sana'ata, zane a jikin raksha, wato babur mai ƙafa uku, da motocin kaya. Daga wata tsohuwar mujallar labaran zane na koya, fassarar Larabci, kawuna ya kawo min ina sakandare. Mai zanen ɗan Sifaniya ne, layinsa siriri kamar gashi. Tun lokacin nake bin layin nan, ban kamo shi ba. Don bakin burushi ya yi tsini, sai in lashe shi, da fentin mota a jiki.

Da murɗar ciki ciwon ya fara. Na sha maganin maleriya, na sha na tsutsa. Wata rana burushi ya faɗi, wuyan hannuna ya langaɓe, ya ƙi tashi.

Inna ta ce, "Ban hana ka zanen mai rai ba, ɗan nan?"

A raina na kusa yarda da ita.

A asibitin Sinnar aka ɗebi jini, aka sake ɗiba. Layi tun asuba, magani a waje ake saye. Dawar da muka ajiye muka sayar, can kuɗin ya ƙare. Tsorona ɗaya ne, hannun.

Likita ta ɗaga leɓena, ta dubi dasashi. "Ya ustaz, fenti kake ci?"

Matata ta riga ni: "Wallahi diktora, ya fi cin shi a kan tuwona."

Gubar dalma ce, ta cikin fentin.

Allura, ƙwayoyi, ɗaurin hannu, motsa yatsu har gajiya. Ciki ya lafa, hannu yana tashi, amma layi rawa yake. Jiya na zana doki, 'yata ta ce jaki ne. Ban musa ba.

Alhamdulillahi. Na gode wa likitar, da matata, da direbobin da suka yi ta jigilata.

Masu fenti, kada burushi ya taɓa baki. Ku wanke hannu kafin cin abinci. In ciki ya ƙi jin magani, ku faɗa wa likita sana'arku.

Na gobe:
- komawa awon jini
- kwashe gwangwanayen fenti daga ɗakin yara
- rakshar Malam Usman tana jira. In faɗa masa layina ya yi kauri. In ya yarda, in fara.