Karen Lokotoro da Naman Layya

Cikin ranakun aikina a sabis ɗin dabbobi na Damagaram, akwai wadda har yau ba ta fita raina ba. Ita ce ranar da na sa hannu a bakin wani kare a ƙauyen Gafati, mazan gari na tsaye da sanduna suna jiran in ce a kashe shi.

A shekarar 1960 ne, shekarar da muka samu 'yancin kai. Lokacin ina anfirme, wato ƙaramin ma'aikaci mai yi wa dabbobi allura da wanke miki da duba naman kwata kafin a kai shi kasuwa. Sama da ni akwai mataimakan likita, sama da su kuma Bature guda wanda kowa ke kira Lokotoro, wato babban likita. Aikinmu shanu ne da raƙuma da tumaki da awaki. Kare ba ya zuwa gabanmu sai ta dalilin ciwon hauka, kuma dokar a bayyane take. Karen da ba shi da mai shi, a kashe shi. Wanda ake zaton ya haukace ma haka, sai fa in ma'aikaci ya ɗauki nauyin a ɗaure shi a sa masa ido na kwanakin da doka ta yanka.

Lokotoro yana da wani kare da ya zo da shi daga ƙasarsu tun yana ɗan kwikwiyo. Ƙato ne, tsayinsa ya kai na ɗan maraƙi, kunnuwa a tsaye, gashi kamar na rago. Bayan ƙaramar Salla aka ce Lokotoro ya koma gida, hanyar da zai bi kuma ba a ɗaukar kare. Ya tambayi sauran Turawa, ya tarar kowa na ɗaure nasa kayan. Attajiran unguwannin Birni da Zango kuwa ba mai son kare a tsakar gidansa. Wata safiya ya kira ni biro, wato ofishinmu, ya ce in har ranar da kamiyo, babbar motar da za ta ɗauke shi, zai tashi ba a samu mai riƙo ba, ni zan yi wa karen allurar ƙarshe, domin shi hannunsa ba zai iya ba.

A makon nan wata dattijuwa mai suna Iya Fanna ta zo daga Gafati da akuya a kan jaki, dila ya yage mata cinya. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza sun tafi neman aiki kudu, ita kuma da nonon awakin nan take cin abinci. Karenta ya mutu da rani, tun daga nan diloli suka gane hanyar garkenta. Ina ɗinkin akuyar tana kallon karen Lokotoro da ke kwance a inuwar ɗalbejiya. Ta tambaye ni ko yana cin mutane, na ce a'a. Ta tambaya ko yana haushi, na ce in ya yi ɗaya a nan ana ji har barikin soja. Ta ce to a ba ta shi.

Mai riƙo ya samu, amma maganar ba ta ƙare ba, domin karen bai san abincin ƙauye ba. Tun da aka haife shi naman gwangwani yake ci da shinkafa, da naman sa wanda Habu, kukun Lokotoro, ke dafa masa. Da Habu ya ji inda za a kai shi sai ya yi dariya ya ce, "Malam Isufu, wannan karen ko shinkafa ce in ta kwana ba ya kallonta. Ka yi masa allurar kawai, ta fi yunwa sauƙi."

Muka zauna da Lokotoro muka auna abin da ke gabanmu. Akwai sauran gwangwani a ɗakin ajiyarsa, amma komai yawansa zai ƙare, kuma babu mai kawo wani. Akwai tarkacen kwata, huhu da tumbi da abin da mahauta ke zubarwa, sai dai Gafati ba bayan gida ba ce, nama kuma ba ya jure zafin bazara, ni ma ba zan bar aiki kullum in zama ɗan aiken kare ba. Abin da ya rage shi ne abin da karnukan mafarauta ke ci, kunun dussa da ƙanzo da tsala. Na gaya masa na ga karnukan da ke bin zomo yini guda a kan wannan abincin. Ya ce cikin kare yana iya koyon hatsi in an dafa shi ya nuna sosai, in kuma ana haɗa masa da nono da ɗan nama lokaci-lokaci, amma kada a canja masa gaba ɗaya. Ya ja mini kunne a kan ƙashin da ya ga wuta, da kitse mai yawa, da albasa da yaji.

Na ɗaure karen a bayan biro na sayo masa kasko nasa na kansa. Da fari gwangwani nake zuba masa da ɗan kunu a gefe. Ya cinye naman ya bar kunun, Habu na leƙowa ta katanga yana tambaya ko mai gida ya karya kumallo. Sai na riƙa cakuɗa su yadda ba zai iya tsincewa ba, ina rage gwangwani ina ƙara kunu, na sa tsala, na daka ƙuli-ƙuli marar yaji na barbaɗa. Ya yi zawo kaɗan, ya rame kaɗan, sannan cikinsa ya tsaya. Duk ranar kasuwa Iya Fanna na biyowa ta zuba masa da hannunta don ya san ta. Kafin kamiyo ya tashi Lokotoro ya ga karensa na lashe kaskon kunu. Ya daɗe tsaye a kansa, sannan ya miƙa mini igiyar.

Na kai karen Gafati, na zaunar da Iya Fanna na maimaita mata duk abin da ba a ba shi. Ta ce ta ji. Sunansa na Turanci bai zauna a bakinta ba, ta sa masa Baƙo, gari duka ya ɗauka. Tun zuwansa dila bai sake taɓa mata akuya ba, har maƙwabta suka fara matso da turakunsu kusa da nata.

Ana haka Layya ta zo. Waɗanda suka taso a nan sun san yadda muke yi. Ranar Salla a feɗe rago a buɗe shi a kan sanduna, a jera kewaye da wuta har ya gasu, mata kuma na suyar kayan ciki da kitse. Kashegari a sauke a yi rabo, a kai wa maƙwabci da gwauruwa da baƙo.

Kwana ɗaya bayan rabon wani mutum ya iso biro da hantsi ya ce Baƙo ya haukace, maigari na son ma'aikaci ya zo ya shaida kafin a kashe. Wanda zai maye gurbin Lokotoro bai iso ba, mataimakan kuma duk sun tafi Salla. Na ɗauki jakar aiki na hau dokin sabis.

Na tarar da karen a cikin garken awaki, Iya Fanna ta toshe ƙofar da jikinta, maza sun yi da'ira da sanduna. Abin da na gani ba mai daɗi ba ne. Baki a buɗe, miyau na dalala har ƙirji, ya kasa rufe muƙamuƙi, yana wani kuka ƙasa-ƙasa. Duk wanda ya taɓa ganin mahaukacin kare zai ce shi ne. Maigari ya ce mini akwai yara a garin, ba zai kwana da wannan abu ba. Gaskiyarsa ce, kuma doka na bayansa.

Na roƙi a ba ni ɗan lokaci in duba daga nesa. Na kira Baƙo, ya ɗago ya kaɗa wutsiya. Na sa aka tura masa ruwa a kasko, ya zo da sauri ya sa baki, sai dai ya kasa lasa. Na lura yana ta kai ƙafar gaba yana sosa gefen baki, yana goga fuska a ƙasa. Na kuma san Lokotoro ya yi masa allurar rigakafin hauka, ko da yake ba a rantsuwa a kan allura. Sai na juya na tambayi Iya abin da ya ci.

Ta ce ya ci Salla. Gidaje da yawa sun aiko mata da rabo, wasu ma sun ce wannan nata ne, wannan na Baƙo, tunda awakinsu ma yake tsaro. Ita kuma ta duba ta ga halitta da ta tashi a kan nama ta yi wata da watanni tana shan kunu ba ta yi ƙorafi ba, sai ta haɗa da nata rabon ta ba shi, haƙarƙari da kitse da ƙashi. Ita kunu ta sha ranar.

Na ce, "Iya, ba na ce miki ban da ƙashin da ya ga wuta ba?"

Ta ce, "Ka faɗa, ɗana. Amma naman Layya ne. Na ɗauka abin da aka yanka don Allah ba ya cutar da kowa."

Na gaya wa maigari ina zaton ƙashi ne ya maƙale, zan buɗe bakin in gani, in ban samu komai ba ni da kaina zan yi masa allura a gabansu. Na nemi wanda zai riƙe mini kansa. Kowa ya ja baya, wani don tsoron cizo, wani don ƙyamar miyau da kayan Salla a jikinsa. Wani tsoho ya ce Turawa sun tafi sun bar mana wahala mai ƙafa huɗu. Iya Fanna ta gyara ɗaurin zaninta ta zauna a ƙasa, ta rungume wuyan karen ta ce akwai ruwa a randa, in an gama za ta wanke.

Na naɗe hannuna da tsumma, na gitta masa sanda a bayan haƙora, na ɗaga kansa wajen rana. Ga shi nan, guntun haƙarƙari ya gitta a ganɗarsa, kowane gefe ya kafe tsakanin turame, dasashin ya kumbura. Na kama shi da hantsaki na murɗa a hankali, ya fito da ɗan jini. Karen ya rufe baki, ya buɗe, ya fizge daga hannun Iya ya nufi kaskon ruwa ya shanye tas. Na miƙa wa maigari ƙashin ya juya shi a hannu, ya ce wa maza su koma gida.

Duk da haka na bi doka. Aka ɗaure karen a garken har kwanakin suka cika, ina zuwa ina dubawa. Kitsen da ya ci ya ɓata masa ciki, don haka na hana shi komai yini guda sai ruwa, sannan kunu mai ruwa-ruwa, sannan tsala. Ya warware.

A zuwana na ƙarshe muka zauna da Iya da maigari da mahaucin garin muka tsayar da abincinsa. Kunun gero ko na dussa da tsala safe da yamma, ƙanzo in ya samu, ranar yanka kuma mahauci ya ware huhu ko tumbi a tafasa da ruwa zalla. Ƙashi sai ɗanye, kuma babba wanda ba zai iya tsinkewa ba. Muka samu 'yanci da damina, gero ya kai ƙugu. Na wuce ta Gafati wajen allurar shanu na ga Baƙo yana bin awaki zuwa kiwo, ya zubar da tumbin gidan Bature, ya yi ƙarfi. Da na ba Habu labari sai ya ce ai dama ya san karen mai haƙuri ne.

Layya ta zagayo, maigari ya sa aka yi shela cewa mai son ba Baƙo rabo ya kai ɗanye gidan Iya Fanna tun ranar yanka. Aka kai har ya yi yawa. Ta aiko tana tambaya yaya za ta yi da shi, na ce ta ba shi abin da cikinsa zai ɗauka, sauran ta soya ta ci, domin da guminsa aka samo kuma ita ce mai shi.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu za a riƙa tambayarku wane abinci ya fi wa kare, na kanti ko nama ko na gida. Ku dubi gidan da zai zauna tukuna, ku zaɓi abin da mai shi zai iya zuba masa kullum, rani da damina, ku kai shi kai a hankali. In kuma an kira ku kan dabba marar lafiya, ku tambayi abin da ta ci, ku tambaya da ladabi. Mutanenmu ba kasafai suke cutar da dabbar da ke hannunsu don mugunta ba. Sau da yawa abin da suka fi so ne suka hana bakinsu suka ba ta.