Malamar da Ta Bi Sawun Takarda

Daga Allah muka fito, gare Shi kuma za mu koma. A ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Mayu, da ƙarfe goma da minti ashirin na safe, ba sha ɗaya ba kamar yadda aka rubuta a sanarwa, Allah Ya karɓi ran tsohuwar jami'ar horas da ma'aikata ta maɗaba'armu, wadda babba da yaro ke kira Malama Zagaye. Ni ne shugaban sashen ma'aikata a lokacin da aka ɗauke ta aiki, kuma shekara goma sha tara ofishina na kallon nata.

Malama, kin tarar da horo a hannuna yana da tsari. Akwai littafin ƙa'idoji mai shafi tamanin da huɗu, wanda ni na rubuta. Sabon ma'aikaci zai zauna a aji kwana biyar, a yi masa jarrabawa, ya sa hannu. Kika karance shi tsaf, kika dawo da shi kika ce, "Ranka ya daɗe, littafin nan ya koya wa kowa teburinsa, amma bai koya wa kowa maɗaba'a ba."

Sai kika fito da naki salon. Duk wanda aka ɗauka, ko akawu ne ko mai shara, sai ya yi mako uku yana bin aiki guda ɗaya: daga sito inda ake ajiye takarda, zuwa wurin masu tsara shafi, zuwa inji, zuwa masu ɗinki da yanka, har a loda littafin a mota. Ke kina cewa zagaye, ni ina cewa yawo. Na faɗa a taro, na kuma rubuta.

A shekararki ta uku aka ɓata littafin taswira na 'yan makaranta, kwafi dubu uku. Shuɗin koguna ya zame daga kan layinsa a kowane shafi. Mai injin da ya buga shi, wanda muke kira Dogo, ya shekara goma sha ɗaya a gidan, yana da 'ya'ya biyar. Sashe na bakwai na littafina ya ce kora, don haka na rubuta takardar sallama na sa hannu. Kika roƙe ni in ba ki kwana uku kafin in miƙa ta.

A rana ta uku kika tara mu a teburi ɗaya: Dogo, da mai sito, da direban motar kaya, da mai gadi, da ni. Kika ajiye ɓataccen littafin a tsakiya kika ce ba ki zo tambayar wanda ya yi ba, kin zo tambayar ta inda ya biyo. Dogo ya ce takardar ta iso masa da danshi, tana lanƙwashewa a cikin inji. Mai sito ya ce a jikin bangon bayan famfo ya jingine ta, domin a gaggauce aka sauke, bai sami sukunin jera ta a kan katako ba. Direba ya ce dole ya yi gaggawa, domin ƙarfe huɗu ake rufe ƙofa. Nan mai gadi ya laluba aljihu, ya zaro wata takarda duk ta yamutse, ya ce, "Ni dai Yallaɓai ne ya ba ni wannan, har da hatimi."

Sa hannuna ne. Mako shida kafin nan na ba da umarnin rufe ƙofar, domin ƙarar motoci na damun masu duba kuskure. Mai sito, wanda bakinsa ba ya ajiya, ya ce, "To Yallaɓai, yanzu sashe na bakwai a kan wa ya faɗa?"

Ba ki bari an yi dariya ba. Kika ce, "Babu wanda ya yi ganganci a nan. Kowa ya bi umarnin da ke gabansa daidai, babu dai wanda ya san abin da umarninsa ke haifarwa a ɗakin gaba." Na koma ofis, na rubuta "an soke" a kan takardar sallamar, na sa kwanan wata. A watan da ya biyo baya na yi zagayen da kaina, ina da shekara hamsin da shida, kuma a sito na koyi cewa ana gane danshin takarda da bayan hannu.

Ina alfahari da cewa a zamanina aka ɗauke ki. Akwai dai gyara guda da ya rage a kaina. Duk tsawon shekarun nan, abin da nake rubutawa a rahotonki na ƙarshen shekara shi ne, "Aikinta ya gamsar." Wannan magana ta gaza. Kin fi ni fahimtar aikin da ni ke shugabanta, kuma ya kamata in faɗa miki kina raye.

Dogo bai bar maɗaba'a ba. Shi ke jagorantar sababbin ma'aikata a zagaye yanzu, kuma 'ya'yansa biyar duk sun gama makaranta. Shi ne ya tako har gidana ya shaida mini rasuwarki. Ya zauna a bakin kujera, ya ce, "Baba, uwarmu ta tafi."

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta, da 'ya'yanta uku, da yayarta wadda ta yi jinyarta, da dukan ma'aikatan maɗaba'a na da da na yanzu. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa, Ka yafe mata kurakuranta, Ka haskaka kabarinta. Yadda ba ta gaggauta hukunci a kan bayinKa ba, Ka sassauta mata hisabi, Ka sa Aljanna ce makomarta. Amin.