Hajiya Asabe da makonnin da ta yi ba kwalli

Shekara bakwai ke nan da rasuwar matata, Hajiya Asabe. A watan jiya aka yi mini aikin ido irin wanda aka taɓa yi mata, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ɗinkin hula ne sana'arta, kuma a Ƙofar Galadima ba wanda bai san hannunta ba. Sai wani ɗan nama ya tsiro mata daga gefen hanci, yana rarrafowa kan baƙin idonta na dama, har zura zare a allura ya fara gagararta. Likita ya kankare shi, ya ba mu wani magani mai kauri a ɗan bututu, wai jel. Ya ce shi zai hana wurin bushewa har ya warke. Ya kuma gargaɗe mu cewa in aka yi sakaci naman yana iya dawowa. Ba hayaƙi, ba murzawa, ba kwalli.

Na ƙarshen nan ne ya tayar da rigima. Hajiya ta fi yarda ta fita ba takalmi da ta fita ba kwalli. Ga kuma bikin 'yar ƙanwarta a Gyallesu ya matso. Na ɗauke tandun kwallin na jefa a aljihun babbar rigata, da shi nake zuwa kasuwa, da shi nake zuwa masallaci.

"Malam, so kake a ce ciwo ya cinye ni?" in ji ta.

Na ce, "Gara a faɗa, da ki ajiye allura."

Kwana biyu ba ta kula ni ba, miyar tuwona ma gishirinta ya ragu. Amma ta je bikin da idonta fari fat.

Sa maganin kuwa a kaina ya faɗo, don yara duk sun yi aure. Mu mutanen da ne, kunya ta yi mana yawa. Mun tara jikoki, amma ban taɓa tsayawa na ƙura mata ido ba. Sai ga ni safe da yamma ina riƙe da haɓarta, ina jan fatar idon ƙasa, ita kuma tana ta mita wai na fi kyau da awon hatsi. Idon ya warke sarai, ta ci gaba da ɗinkinta har ciwon ajali.

Da tana nan yau, da ta sha dariya. Ni da na tsare ta da dokar likita, ga ni ina satar murza ido in ba kowa. 'Yarmu tana bugo waya daga Tukur-Tukur don tuna mini lokaci, ni kuwa rabin maganin a kumatu yake ƙarewa.

Hulunanta sun fara koɗewa a kawunan mutane, wata rana za su ƙare. Abin da ya rage mini daban ne, kuma ina kewarta ƙwarai. Duk zamanmu na ɗauka idonta baƙi ne. A waɗancan makonnin da nake sa mata magani na gane ruwan ƙasa ne, da wani ɗan ɗigo a na hagu. Ko 'ya'yanta ba su san da shi ba. Allah ya jiƙanki, Asabe.