Dod Fernie da Juyin Hagu

A garinmu na masunta, can gaɓar tekun Fife, in jirgi zai fita kamun kifi dama ake juya shi, yadda rana take tafiya. Wanda ya juya hagu ya saɓa wa rana, sai a ce ya yi widdershins. Malamar makarantarmu ta ce fataken Jamus ne suka tsallako da kalmar wajen shekara ɗari biyar baya, ma'anarta saɓanin hanya, kuma a da har gashin da ya miƙe don tsoro da ita ake kwatanta shi. Mu dai abin da muka tashi da shi, juyin hagu tsiya yake jawowa.

Dod Fernie kuwa kamar ya ci ƙafar kare. Ko romon kifi a tsaye yake shansa. Yana da shekara ashirin, wata safiya yana tuƙa jirgin kawunsa Eck, jirage suka cushe a mafita. Ya ƙosa, ya hango fili ta hagu, ya karya kan jirgi.

"Kai! Kashe mu za ka yi?" in ji Eck.

"Kawu, ruwa ai ruwa ne. Ya san dama da hagu?"

"Uwarka ma ta sani, ɗan banza!"

Ran nan da kifi maƙil suka dawo, amma bai cece shi ba. Eck ya sallame shi, babu kuma wanda ya yarda ya taka masa jirgi. Ya ɗauki jaka. Ya yi fasa dutse, ya yi jirgin dakon kaya, ya sare itace a Kanada, ya yi aure a garin Hull, auren bai kai shekara uku ba. Duk wasiƙar da ƙanwarsa Effie ta samu, adireshi daban.

Bayan shekara arba'in ya dawo da furfura. Jirage shida suka rage, kowa na juyawa inda ya ga dama. Ya tare wani direban jirgi ya ce, "Ka san widdershins ka yi yanzu?"

"Wace ce haka, Baba?"

Dod ya shigo gidan Effie yana huci. "Abin da aka kore ni a kansa, yau ko sunansa ba su sani ba!"

"To ba ka ci nasara ba? Zauna ka sha shayi."

Bai zauna ba. Wata huɗu yana safa da marwa a bakin ruwa, yana yi wa masu juyin hagu tsawa, suna ɗaga masa hannu suna dariya. Da bazara ta shigo ya ce garin ya yi masa ƙunci, ya hau motar arewa. A wani tsibirin Shetland ya rasu, yana gyaran ragar kamun kifi a rumfar wani mutum da ya sani sati biyu kacal.