Ƙanzon da Ya Toshe Mini Inji

Ko yau aka tashe ni daga barci aka ce in faɗi abin da ya fi tsaya mini a rai tun da na yi aure, ba zan yi dogon tunani ba. Labarin injin wanke-wankena ne, kuma na san har in koma ga Allah ba zan manta da shi ba.

A shekarun da aka fara shari'a ne, lokacin da ko'ina ka zauna a Daura maganar zakka da haƙƙin maƙwabci ake yi. Maigidana yana fataucin shanu a kasuwar Mai'adua, Allah kuma ya buɗa masa. Wata rana sai ga shi da wani farin akwati a bayan mota, wai injin wanke kwanuka ne wani abokinsa ya taho masa da shi daga Kwatano. Aka ja masa ruwa daga tanki, aka haɗa shi da janareta. Ni kuwa a lokacin ina ji da kaina, duk baƙuwar da ta shigo sai na ja ta kicin ta gani, ko ba ta tambaya ba.

Kafin zuwan injin, wata tsohuwa ce ke yi mini wanke-wanke, muna kiranta Iya. A gidan na same ta, tun zamanin surukata take zuwa. Kullum da hantsi za ta yi sallama, ta zauna a gindin famfo, ta wanke komai tas. Tana zuwa da wani ɗan kwano mai murfi a ƙarƙashin mayafi. Kafin ta sa wa tukunyar tuwo ruwa sai ta kankare ƙanzon a ciki, ta haɗa da ɗan abin da ya rage a faranti. Na sha ganinta tana yi, ban taɓa tambayar kaina ina take kai shi ba.

Ranar da injin ya fara aiki na tare ta da fara'ata.

"Iya, hutu ya zo miki. Daga yau ki zauna a gida ki miƙe ƙafa, inji zai yi."

Ta dubi injin, ta dube ni. "To, 'yar nan, Allah ya sanya alheri. Yana wanke gindin tukunya kuwa?"

Na ce har da gogewa. Na naɗe mata turmin atamfa na ba ta, ina ganin na yi abin kirki. Ta yi godiya, ta gyara mayafinta ta fita da kwanonta wayam.

Wata biyu na yi ina jin daɗina. Ban san ana kankare kwano kafin a sa a ciki ba, don takardar da ta zo da shi da Faransanci take. Yadda aka tashi daga cin abinci haka nake jera komai, har tukunyar tuwo da ƙanzonta, in rufe in danna. Sannu a hankali kofuna suka fara fitowa da maiƙo. Sai wari. Ranar wata Laraba ya tsaya a tsakiyar aiki yana ƙara, wata jar fitila tana ƙiftawa. Na buɗe na tarar da ruwa kwance a ƙasansa, baƙi ƙirin. Na kashe na kunna, shiru. Da wayona ya ƙare na zuba masa garin sabulun wanki, kumfa ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa har tsakar gida.

Sai da aka ɗauko mai gyara daga Katsina, wani dattijo mai gyaran firji da injin wanki. Ya kwashe ruwan da kofi, ya murɗe wata matata da ke ƙasan injin, wadda ban ma san da ita ba. Ya zazzage ta a roba. Ya ciro tiyon da ke fitar da ruwa ya busa, ya sa tsinke ya bi ƙananan hudojin da ke fesa ruwa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya tara ya kusa cika robar: ruɓaɓɓen ƙanzo, shinkafa, wake, ƙashin kifi.

"Hajiya, shi wannan wanki ya iya, ba ya ci," in ji shi. "Ki riƙa kankarewa kafin ki sa, matatar nan kuma duk mako a cire a wanke." Ya ƙara duban robar ya girgiza kai. "Wannan ai abincin wani ne. Da can wa ke kwashewa?"

Shi tambaya ya yi kawai ya ci gaba da ɗaure kusoshinsa. Ni kuwa sai Iya da ɗan kwanonta suka faɗo mini a rai.

Washegari na nemi izinin maigida na nufi gidan Iya, can cikin gari bayan rijiyar Kusugu. Abin kunya, shekara tara tana shiga gidana, sai da na yi tambaya kafin na gane ƙofarta. Na tarar da tabarmi a waje. Mijinta ya rasu kwana huɗu da suka wuce. A bakin maƙwabciyarta na ji cewa ya shekara shida a kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, ba su da ɗa a raye. Ƙanzon gidana take shanyawa, ta jiƙa, ta kwaɗa musu da ƙuli-ƙuli, ragowar tuwon kuma ta ɗumama masa da safe. Da na sallame ta, maƙwabta sun yi ta kawo abinci, wani ta karɓa, wani ta mayar ta ce sun ƙoshi. Iya ba ta iya miƙa hannu ba.

Ba wanda ya ce yunwa ce ta kashe shi, kwana ne ya ƙare. Amma na ga kwanon nan mai murfi a kife a kan danga, ya yi ƙura, kuma na san tun yaushe yake kife.

Na durƙusa na yi mata gaisuwa, kuka ya ci ƙarfina. Ita ce ma take ba ni haƙuri. Da na natsu ta ce, "Yaya injin naki?"

"Ya lalace, Iya." Allah ya yafe mini, a lokacin lafiyarsa ƙalau.

"Ayya. Ga shi ni kuma takaba ta zaunar da ni."

Na san idan na aiko da abinci a kwano mai kyau, da sunan sadaka, zai dawo mini. Don haka na roƙe ta ta taimake ni, a riƙa kawo mata tukwanen har gida. Wata huɗu da kwana goma, kullum in maigida zai fita sai ya sauke tukwanena a ƙofarta, da yamma ya ɗauko su suna ƙyalli. Ni kuma in na kwashe tuwo sai in bar kusan rabi a gindin tukunya, miya ma haka, har da nama a ƙasa.

Ranar da ta fita takaba ta yi sallama da hantsi kamar da, ta zauna a gindin famfo. Injin yana kicin, na lulluɓe shi da zane. Ta buɗe tukunya ta daɗe tana kallo.

"'Yar nan, hannunki ya lalace a kwasar tuwo," ta ce, ba ta ɗago ba. "Surukarki da tana raye da ta yi miki faɗa."

"Sai haƙuri, Iya."

"Allah ya rufa miki asiri," in ji ta, ta jawo kwanonta.

Shekara uku ta ƙara tana zuwa kafin ita ma ta rasu. Sai bayan nan na yaye wa injin zane. Har yau yana aiki, ina kankarewa, ina wanke matatar duk Juma'a, ƙanzon kuma ina shanyawa, don na nemi masu so na samu. Abin da na koya shi ne, kafin ka ce wa mutum ya je ya huta, ka fara sanin abin da yake ci a cikin wahalar tasa. Ni ban tambaya ba, sai da na gan shi a ruɓe a cikin roba.